Ranar da na haɗa keken hunturu

Asabar.

Na tashi da duhu-duhu na leƙa taga, gilasan motocin da ke kan layi duk sun yi fari fat da ƙanƙara. Waya ta nuna digiri 2. Yau mako uku ke nan kekena na bazara yana rataye a bango ban taɓa shi ba, tun ranar da na dawo cikin yayyafi na ga yadda yashi da gishirin da ake watsawa a titi suka shige masa ko'ina. Sarƙar da na shafa wa mai da safe, washegari ta fara ja da tsatsa. Ranar na ce wannan keke ba zai ƙara ganin hunturu ba. To amma zaman gida ma ya gagare ni. Mako uku ba hawa, barcina ya rikice, jikina ya yi nauyi, abu kaɗan sai in ji raina ya ɓaci. Shi ya sa na ware yau gaba ɗaya don in haɗa wanda zan riƙa fita da shi har sanyi ya wuce.

Firam ɗin na ƙarfe ne, wani dattijo da muke hawa tare ya ba ni da ya ga bayansa ya daina yarda da sunkuyo. Har yanzu akwai ragowar tambarin Reynolds 531 a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da wannan samfurin bututu tun 1935, kuma shekaru da dama da shi aka riƙa ƙera kekunan tsere. Ina son tarihin, amma ba shi ya ja ni ba. Abin da ya ja ni wasu ƙananan ramuka ne guda huɗu, biyu gaba biyu baya, kusa da inda ƙafafun keken ke zama, waɗanda aka yi musamman don ɗaura makarin taɓo. Kekena na bazara ba shi da su ko ɗaya.

Da hantsi ƙanena ya iso, don na gaya masa akwai aikin da hannu biyu ba za su iya ba. Sandar sirdi ce ta kafe. Ita ta alminiyum ce, firam na ƙarfe, kuma idan waɗannan biyun suka daɗe a manne ba giris a tsakaninsu, danshi ya shiga, sai su cinye juna su zama kamar an yi musu walda. Tun ranar Talata nake ɗiga mata man sassauta tsatsa safe da yamma. Muka kifa firam ɗin, muka matse sandar a matsin teburin aiki, ya kama gefe na kama gefe, muka riƙa murɗa firam ɗin kansa a hankali. Sau huɗu ko gezau. A na biyar muka ji "ƙas!" Gabana ya faɗi, na ɗauka bututun ne ya tsage. Ashe ita ce ta saki. Ta fito da wani farin gari a jikinta kamar toka.

Yana goge hannu ya ce, "Yaya, wannan wahalar duk ta mece ce? Ka sayi sabo mai birkin faifai mana, ka huta."

Gaskiyarsa, kuma na faɗa masa haka. A cikin ruwa birkin faifai, wato mai matse wani faifan ƙarfe da ke tsakiyar ƙafar keke, ya fi, ba gardama. Birkin da ke matse gefen rim, idan titi ya jiƙe, roba ce take kwasar yashi tana gogar alminiyum da shi, kullum rim yana ƙara sirancewa har ranar da dole a canja shi. Da a ce daga farko zan fara, ba ni da komai a hannu, da na nemi firam mai birkin faifai wanda zai ɗauki taya mai faɗin milimita 35 tare da makarin taɓo. Amma ina da wannan firam, ina da akwati cike da kayan da na cire daga kekunan baya, kuma na san kowane noti da ke jikinsu. Keken da zan iya gyarawa da sifana a bakin titi, yatsuna suna daskarewa, shi nake so a wannan lokaci na shekara.

Kafin mu ɗaura komai na fesa mai a cikin bututun duka, muka riƙa jujjuya firam ɗin don ya zagaya. Ƙarfe daga ciki yake ruɓewa, inda ido ba ya gani. Na kuma zura waya na buɗe ɗan ramin da ke can ƙasa, wanda ruwa ke fita ta cikinsa, ƙarƙashin gidan feda, wato inda ƙarfen da ke haɗa fedojin biyu yake juyawa. Ya toshe da daɗewa. Sai giris, ko'ina giris: sandar sirdi, zaren feda, kowane noti. Gidan feda irin na da ne mai zare, wanda ake murɗawa kamar noti, faɗinsa milimita 68, kuma ɓangaren dama zarensa juyayye ne, hagu ake murɗawa ya ɗaure. Fedar hagu ma haka take. Na nuna wa ƙanena sau biyu, don wanda bai sani ba a nan yake lalata firam.

Ƙafar baya ta ɗan yi gardama. Tazarar bayan firam ɗin milimita 126 ce, ƙafar kuwa ta zamani ce mai 130. Da yake ƙarfe ne, ɗan buɗawa da hannu ya isa ta shige. Alminiyum ko kabon ba a yi musu haka.

Giya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Samfurin Sora ce ta kamfanin Shimano, mai hawa 9 a baya, haƙora 11 zuwa 32, gaba kuma 50 da 34. Da gangan na zaɓi mai 9. Sarƙarta ta fi ta masu hawa 11 kauri, saitinta ba ya da tsanani, ko taɓo ya shiga ba ta saurin rikicewa. Hunturu sarƙa yake ci, saboda haka na rataye ma'aunin sarƙa a ƙusa kusa da ƙofa. Da zarar ta miƙe da kashi 0.75 cikin 100 zan canja ta, kafin ta cinye haƙoran baya.

Inda na sha wuya ita ce taya.

Na daɗe ina son mai milimita 32, har na tanadi guda biyu. Taya mai faɗi ana rage mata iska, ta kwanta sosai a kan kwalta, ta haɗiye ramuka, ga shi kuma lokacin sanyi titi ramuka yake yi, saboda ruwa yana shiga tsaga ya daskare ya buɗa ta. Na sa birki mai dogon hannu, irin mai kaiwa milimita 47 zuwa 57, wanda ya fi na keken tsere barin sarari a sama. Taya ta shiga, ta juya lafiya lau, na yi murna. Da na zura makarin taɓo tsakaninta da birki, sai ta fara gogarsa. Na ɗaga shi iya ɗagawa, na lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, na sassauta nan na ɗaure can. Fiye da awa guda ina abu ɗaya. Daga ƙarshe ta daina goga, amma sararin da ya rage ko katin banki da ƙyar zai wuce.

Na zauna a ƙasa ina kallonta. A ɗaki, a bushe, tana juyawa shiru. A titi kuwa taya tana ɗauko tsakuwa da ganye da ƙananan itatuwa, kuma duk abin da ta ɗauko sai ya bi ta wannan ɗan sarari. Idan ya maƙale a baya, ƙafar baya ce za ta ja. Idan a gaba ne, makarin zai naɗe ya kulle ƙafar, mutum ya tashi ta saman kan keke. Na taɓa ganin haka ya faru da wani a gabana, ba na son in sake tunawa. Ƙanena ya ce, "To Yaya, ka cire makarin ka bar tayar mana." Na ce a'a, ai saboda makarin ake yin keken gaba ɗaya. Ruwan da ke sauka daga sama mai tsabta ne, riga tana tare shi. Wanda taya ke watsowa daga ƙasa shi ne mai gishiri da yashi da baƙin mai, shi ke jiƙa takalmi da wando, shi ke shiga sarƙa da boris. Ƙafa kuwa in ta jiƙe a digiri 3, hawan ranar ya ƙare.

Na cire masu 32 na mayar da su kwali, raina bai so ba. Na ɗauko masu 28, Continental Grand Prix 4-Season da na ɗan taɓa hawa bara. Yanzu ɗan yatsana yana kusan shigewa tsakanin taya da makari. Milimita huɗu kacal, amma su suka yanke hukuncin yau.

Makarin na kamfanin SKS ne, cikakke, mai zagaye fiye da rabin taya. Sandunan na gaba suna shiga wasu 'yan robobi da ke saki da kansu idan wani abu ya maƙale, kuma na tabbatar sun zauna daidai kafin in wuce. Duk da tsawonsa bai sauko yadda nake so ba, sai na yanko leɓe biyu daga wata tsohuwar jarkar roba, na huda, na ɗaura a ƙarshen kowanne. Na gaba yana kare ƙafafuna da sarƙa. Na baya ba don ni ba ne, don wanda zai biyo bayana ne in mun fita a rukuni, kada in yi ta watsa masa ruwan titi a fuska.

Sirdi na auna shi da tef daga tsakiyar gidan feda, na daidaita shi da na keken bazara ba bambanci. Gwiwa mai sanyi ba ta yafe canjin tsayi, ko na santimita ɗaya ne. Fitilu biyu masu caji, fara a gaba ja a baya. Sanyi yana rage ƙarfin batir, don haka zan riƙa tafiya da wata 'yar ƙarama a aljihu. Burina in samu ƙafar gaba mai dinamo a cibiya, irin mai ba da wutar lantarki bolt 6 da wat 3, in daina tunanin caji, amma wannan sai wani lokacin.

Ƙanena ya tafi bayan azahar, hannayensa baƙi ƙirin da giris. Na gode masa ƙwarai.

Da la'asar na fita gwaji. Digiri 4, titi a jiƙe, rana ta riga ta yi ƙasa. Keken ya fi na bazara nauyi, na ji haka a hawan tudu na farko, amma yana tafiya luf-luf, ba ya girgiza ni. Na shiga kududdufi da gangan, na ji ruwa yana bugun cikin makarin yana zubewa ƙasa, na dubi takalmina a bushe. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai don daɗi. Birki kuwa kamar yadda na zata: in na matse, sai taya ta yi kusan zagaye guda kafin robar ta share ruwan ta kama. Dole in koma fara taka birki da wuri. Da na iso gada na daina feda, na miƙe kan keke sak, ban taɓa birki ba har na haye, don gada tana riga sauran titi daskarewa, iska na bi ta ƙarƙashinta, kuma ƙanƙarar da ke kan kwalta kamar jiƙa kawai take a ido. Babu tayar roba da ke riƙe ta, sai dai mai ƙusoshi, ita kuma ba za ta shiga wannan firam ba.

Kilomita 18 na yi. Akwai wata 'yar ƙara da ke tashi daga makarin baya duk lokacin da na bi ta wuri mai gargada, daidai inda ya haɗu da birki. Da na dawo na watsa wa keken ruwa mai ɗumi, na goge sarƙa da tsumma har ta bushe, na ɗiga mata mai mai kauri irin na lokacin ruwa, na share na sama. Na yanko ɗan guntun tsohon tif na sa a ƙarƙashin notin da ke ƙara, na ɗaure, na ɗaga bayan keken na sake shi ƙasa sau uku. Shiru.

Masu hasashen yanayi sun ce daren yau zai sauka ƙasa da sifili. Gobe ba zan fita da sassafe ba, sai rana ta ɗaga ta narkar da titi. Na jera safar hannu da hular kwano a bakin ƙofa, fitilu suna caji.