Bishiyar kan iyaka: a auna gindinta kafin a ɗauko zarto

Yawancin rigimar bishiya tsakanin maƙwabta tana tashi ne ranar da mutum ya wayi gari ya tarar an datse masa rabin bishiya ba a ce masa uffan ba. Daga nan an bar zancen ganye da saiwa, an koma "ya raina ni". Abin yana da ciwo, domin da tef ɗin awo da zaman rabin awa da an kashe maganar tun ba ta yi tsawo ba.

Abu na farko shi ne sanin mai bishiyar, kuma gindinta ake dubawa, wato inda ta fito daga ƙasa. Rassa suna iya mamaye tsakar gidanka, amma in gindin yana cikin filin maƙwabci, a mafi yawan dokoki tasa ce. In layin iyaka ya ratsa ta cikin gindin, ta ku biyu ce, ba wanda zai sare ta ba da yardar ɗaya ba. Kada a ɗauka katanga ita ce iyaka. Sau da yawa magini ya ja ta ciki ko waje don ya kauce wa wani abu, ita ma bishiyar tana ƙara kauri kowace shekara, wadda aka dasa a gefe ɗaya sai ta ci iyakar bayan shekara 20. A fito da takardar fili, a nemo turakun iyaka, a ja igiya daga wannan turke zuwa wancan. In an rasa turakun, a kira safiyo, a raba kuɗin aikinsa, kowa ya tsaya a wurin ranar awo.

Game da abin da mutum zai iya yanka da hannunsa, dokoki sun bambanta ƙwarai. A Ingila kana iya datse reshen da ya shigo maka daidai kan iyaka, amma reshen da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiyar ne. A Faransa, sashe na 673 na dokar farar hula ya hana ka yanke reshen da kanka, sai dai ka tilasta wa mai bishiyar ya yanke, saiwa kuwa kana iya datse ta a kan iyaka. A Jamus sai ka ba shi wa'adi, ya wuce bai yi ba, sannan ka sa hannu. Wasu garuruwan ma suna da bishiyoyin da ba a taɓa su sai da izinin hukuma. Don haka a tambayi dokar wurin da ake zaune. Abu biyu dai kusan ko'ina haka suke: ba ka tsallaka filin mutum ba da izininsa ba, kuma in yankanka ya kashe bishiyar, kai za ka biya.

Sai a tantance ainihin cutarwar, don "bishiyarka ta dame ni" ba ƙorafi ba ne da za a iya gyarawa. Ganyen da ke toshe indararo, tsintsiya da ragar waya a bakin magudana sun ishe shi, kuma da wuya shari'a ta saurare shi. Inuwa ma haka. Busasshen reshe a saman kwano ko inda yara ke wasa kuwa ba a jira da shi.

Saiwa ce ta fi cin dukiya, ita ce kuma aka fi jahilta. Mutane suna zaton saiwar bishiya tana nutsewa ƙasa gwargwadon tsawonta a sama. Galibinta tana kwance ne a cikin santimita 60 na saman ƙasa, tana bazuwa har ta zarce iyakar rassa nesa. A ƙasar laka takan zuƙe danshin da ke ƙarƙashin harsashin gini, lakar ta tsuke, bango ya zauna ta gefe ɗaya ya tsage. Ga yadda ake gane hakan: a yi alama da fensir a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta duk wata. In tana buɗewa lokacin da ƙasa ta bushe, tana komawa in ruwa ya sauka, akwai alamar hannun bishiyar a ciki. In ta kai milimita 5, a kira injiniya kafin a tuhumi kowa. Bututu kuma, saiwa ba ta cika fasa lafiyayye ba, tsaga ko mahaɗar da ke yoyo take bi. In an yanke saiwar aka bar yoyon, za ta dawo.

Babban haɗarin shi ne mutum ya fusata ya haƙa rami a jikin katanga ya sassare duk saiwar da ya gani. Waɗannan saiwoyin ne suke riƙe da bishiyar ta ɓangarensa. A auna kewayen gindin a tsayin ƙirji, a raba uku, kaurinsa ke nan kusan. Gindi mai kewayen santimita 150 kaurinsa kamar 50 ne. Masana bishiya sukan ware fili mai nisan kauri sau 12, a nan mita 6 ke nan, a matsayin wurin da ake lallaɓa saiwa. Yanke manyan saiwoyi a ƙasa da kauri sau 5, wato mita biyu da rabi, neman faɗuwar bishiyar ne ranar iska, kuma ba ta tambayar gidan wa za ta faɗa. In nisan ya isa, a yanke da zarto mai kaifi, kada a daddatse da gatari, sannan a saka shingen roba mai kauri a ramin, zurfinsa daga santimita 60 zuwa mita ɗaya, bakinsa ya ɗan leƙo sama don kada saiwa ta haura.

Yadda aka buɗe maganar yakan yanke hukuncin yadda za ta ƙare. A je da rana tsaka cikin natsuwa, ba a ranar da reshe ya fasa kwano rai yana ɓace ba. A gaisa sosai, sannan a ce: "Malam, don Allah in ka samu sarari ka shigo ka ga wani abu ta wajena." Mai bishiya bai taɓa ganinta daga tsakar gidanka ba. In ya tsaya da ƙafarsa ya ɗaga kai ya ga reshen yana gugar rufi, ya sunkuya ya ga simintin da saiwa ta ɗaga, rabin gardamar ta ƙare. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma wanda aka nuna wa ya fi wanda aka aika wa saƙo saurin saukowa. A zo da buƙata takamaimiya: rassa uku, ga su, ga wanda zai hau, ga yadda za a raba kuɗin. Abin da aka amince a rubuta a takarda ɗaya da kwanan wata, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. In zama ya gagara, a nemi wanda duka biyun suke jin nauyinsa, sannan wasiƙa mai wa'adi, kotu ce ta ƙarshe.

Ranar yanka, babban reshe sau uku ake sa masa zarto. A fara daga ƙasansa, kamar santimita 30 daga gindi, a shiga kashi ɗaya cikin uku. A koma sama, gaba kaɗan da wannan, a yanke ya faɗi. Sai a cire guntun da ya rage daidai bayan kumburin da ke mahaɗar reshe da gindi, kada a aske kumburin, domin ta nan rauni ke rufewa. Wanda ya yanke daga sama kai tsaye, nauyin reshen zai yage ɓawo har ƙasa, ruɓa da gara su samu ƙofa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda. Ƙundume kan bishiya gaba ɗaya kuwa, wanda ake yi don a huta, tohon da zai biyo baya ya fi yawa, ga shi da saurin ɓallewa. In akwai wayar lantarki kusa, ba aikin mai tsani da adda ba ne, a kira masu wutar.

Akwai bishiyar da ba ta gyaruwa: laimar kwaɗi ta fito a gindinta, ƙasa ta ɗago ta gefe ɗaya, ko ta karkata farat ɗaya. A sanar da mai ita a rubuce, don in ta faɗi bayan an gaya masa, alhakin ya fi hawa kansa. In an yarda a sare ta kuma ƙasar laka ce, a sani cewa lakar za ta koma shan ruwa ta kumbura a hankali, tana iya ɗaga bangon da aka gina lokacin da bishiyar take tsaye, shi ya sa ake jin ta bakin injiniya tukuna. Wadda za a dasa a madadinta a ja ta baya. Sashe na 671 na dokar Faransa ya sa mita 2 daga iyaka ga duk bishiyar da tsawonta ya wuce mita 2, amma mai girma sosai a ƙasar laka tana bukatar ninkin wannan sau da yawa.