Bin diddigin ƙaramin jirgin ruwa mai gudu

Jirgin da ke gudun kilomita 55 a awa yana cin mita 15 duk daƙiƙa. In na'urar bin diddigin da ke kansa sai bayan minti ɗaya take aiko da inda yake, ɗigon da kake kallo a taswira yana bayan jirgin da kusan kilomita guda. Saboda haka kafin a yi maganar farashi, tambayi mai kaya: duk daƙiƙa nawa take aikowa?

A teku AIS ake amfani da ita, wadda ke watsa matsayin jirgi, gudunsa da inda ya dosa ta rediyon VHF. Na'urorin AIS aji-aji ne. Ajin B na asali ƙarfinsa wat 2 ne, kuma in jirgi na tafiya duk daƙiƙa 30 yake aikowa, komai gudunsa. Ajin B+ yana da wat 5, kuma da gudu ya haura kilomita 43 a awa sai ya koma duk daƙiƙa 5. Wannan shi ya dace da jirgi mai gudu. Eriyar ta tsaya cak a wuri mafi tsayi, a nisanta ta da eriyar rediyon magana na jirgin aƙalla mita ɗaya.

A Kogin Neja ko tafkin Kainji kuwa, na'ura mai layin waya irin ta mota ta fi amfani. A saita ta kan daƙiƙa 5 zuwa 10, a kunna aikowa duk lokacin da jirgi ya karya kwana, in ba haka ba sai layin taswira ya ratsa ta kan tudu. Lallai ta kasance mai ajiya, yadda in sabis ya ɗauke za ta tara bayanai ta turo daga baya. Amma a sani, a wannan tsakanin ba mai ganin jirgin. Inda babu sabis sam sai ta tauraron ɗan'adam, ga tsada.

Wajen ɗaurawa aka fi yin ɓarna. Siginar GPS, wadda na'urar ke gane inda take da ita, tana ratsa faiba (fiberglass, abin da ake ƙera jikin wasu jirage da shi), ba ta ratsa ƙarfe ko alminiyom, don haka kada a cusa ta ƙarƙashin kujerar ƙarfe. A ja waya daga batir da fiyus na amfiya 2 kusa da kan batirin. Tayar da inji yana jan wuta ƙasa har na'urar ta mutu ta sake tashi, sai dai mai batirin ciki. A nemi na'ura mai shaidar IP67, wato alamar jure ruwa da ƙura. Dukan igiyar ruwa kuma yana kwance mahaɗar waya, a matse ta, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Jirgi a ɗaure ma ɗigonsa kan yi yawo na 'yan mitoci. Iyakar ƙararrawar sata, wato da'irar da in jirgi ya fita daga cikinta ƙararrawa ke kaɗawa, kada ta gaza mita 50, in ba haka ba za ta riƙa tashinka da dare ba dalili.