Gwaji na uku: ɓawon ƙwai da tokar buntu sun fara haɗuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gasa yumɓu. Ga inda aka kwana a gwajin da nake yi a bayan gidanmu nan Agege.

Abin da nake nema shi ne wolastonait, farin ma'adinin da ake sawa a tayil. Kayan haɗina biyu ne: ɓawon ƙwai da mai shayin layinmu ke tara mini, da tokar buntun shinkafa. Ɓawon kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, tokar kuma yawancinta silika, sinadarin da ke cikin yashi. Haɗuwar kalsiyam da silika a cikin wuta ce ke ba da wolastonait. Giram 100 na ɓawo nake haɗawa da giram 60 na toka, in danne su su zama 'yan ƙwallaye.

Karo biyu na farko ban ji daɗi ba. Ƙwallayen sun fito daga tanderu fari tas, amma bayan kwana huɗu a kan kanta sai na tarar sun kumbura sun rugurguje. Da na bi diddigi na gane dalili. Wajen digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Celsius ɓawon yana fitar da iskar kabon dayoksaid, giram 100 ya koma 56 na kalsiyam oksaid, wanda ke zuƙar ruwa daga iska ya kumbura. Duk wanda bai haɗu da silika ba yana nan yana jira, laimar Legas kuwa ba ta ɓata lokaci. Yanzu ita ce ma'aunina, tunda ba ni da na'urar ɗakin bincike.

Abin da ya daɗe bai zauna mini ba shi ne a digiri 1,100 babu abin da ke narkewa. Garin biyu suna nan a sandare. Haɗuwar tana faruwa ne kawai a inda ƙwayar wannan ta taɓa ƙwayar wancan, kalsiyam yana kutsawa a hankali. Sabon ma'adinin da ya samu a tsakani kuma sai ya zama katanga, dole kalsiyam na baya ya ratsa ta kafin ya kai ga silika, aiki ya yi ta raguwa. Ni kuwa ina ta ƙara wuta, alhali matsalar a turmi take.

A wannan karon na daka garin sosai, na tankaɗe da kyallen atamfa, na gasa awa uku, na fasa ƙwallayen na sake niƙawa don sabbin fuskoki su haɗu, sannan na mayar tanderu. Ku rufe hanci da baki lokacin daka, ƙurar silika tana lahanta huhu.

Yau kwana tara, ana ta ruwa, huɗu cikin shida ba su ko tsage ba. Biyun da suka fashe na kusa da ƙofar tanderu ne, inda nake zargin zafi bai kai ba. Mako mai zuwa zan sauya musu wuri in gani.