Godiya bayan kumburin hannuna ya sace

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya na koma gareji a Ƙofar Ruwa bayan sati uku hannuna na dama yana naɗe da bandeji.

Abin ya fara ne kamar wasa. Kumburi ya fito a tsinin gwiwar hannuna kamar ƙwan kaza, in ka taɓa sai ka ji ruwa yana motsi a ciki. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce jifa aka yi min, har da wanda ya ambaci daji, Allah ya yafe masa, daren nan ban runtsa ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Baba wanzamin unguwarmu. Na je ya tsaga min, ya taɓa wurin ya ji zafi, ga shi ya yi ja, ga zazzaɓi a jikina. Sai ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce, "Ɗana, wannan ba aikin aska ba ne, tafi Dala." Ko sisi bai karɓa ba. Baba, Allah ya ƙara girma.

A Asibitin Ƙashi na Dala likita ya yi min bayani dalla-dalla. Ashe tsakanin fata da ƙashin gwiwar hannu akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa da ke hana gogayya. Yawan dogara hannu a wuri mai tauri, ko buguwa, kan sa ta cika da ruwa. Mu da muke yini a ƙarƙashin mota kan siminti, ai sai dai Allah ya kyauta. Ya ce ciwon gawut, wato taruwar yurik asid a jiki, da amosanin gaɓɓai su ma suna kawo shi. Nawa kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta wani ɗan yanka da na raina. Suka zuƙe ruwan da sirinji, suka kai gwaji, aka ɗora ni kan magani. Likita da ma'aikatan jinya, Allah ya saka da alheri.

Maigidana da ya biya kuɗin magani, yaran gareji, Hajiyarmu da addu'arta, da uwargida da ta sha wanke ciwo ba ƙorafi, na gode.

Masu motocin da suka kwana biyu a wurina, a yi haƙuri. Na sayi soson da zan riƙa dogarawa a kai, gobe da safe in sha Allahu za mu fara da ta Alhaji.