Neman mashigar jirgi a gaɓar Seahouses

Da na zo hutu Zariya bayan Babbar Sallah, a daren farko muna zaune a dakalin ƙofar gidanmu a Tudun Wada, Yaya ya karɓi wayata yana duba hotuna. Sai ya tsaya a kan wani hoto ya daɗe yana kallo. Ni ne sanye da rigar ruwa mai hana nutsewa, na riƙe igiyar wani ɗan farin jirgi, ruwa ya kai min gwiwa. Ya ɗago ya ce, "Kai da Inna ba ta taɓa barinka ka je wanka Kubanni ba, me ya haɗa ka da teku?" Amsar da na ba shi a daren ba ta ƙoshi ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

A 2022 na tafi Ingila aikin kula da tsofaffi. Ba Landan aka kai ni ba. Wani ƙauyen masunta ne mai suna Seahouses, a yankin Northumberland, can arewa maso gabas kusa da iyakar Sikotland. Da hunturu rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. In ina son Juma'a sai na yi tafiyar kusan mil 50 zuwa Newcastle. Shekarar farko daga aiki sai ɗaki. Mutanen garin suna gaishe ni da fara'a, amma gaisuwar ba ta wuce ƙofa. Wanda ya tashi a unguwar da ba a cin tuwon dare shi kaɗai ya san nauyin wannan shirun.

Maƙwabcina dattijo ne da ya ajiye aiki. A gefen gidansa akwai jirgi mai tsawon kamar mita 5, lulluɓe da tampol, a kan tirelarsa. Ba irin tirelar da ke tare hanya a Kwangila ba: ƙaramin ƙarfe ne mai taya biyu da ake maƙalawa a bayan mota. Gwiwoyinsa sun gaza, jirgin ya shekara biyu bai taɓa ruwa ba. Wata rana ina taya shi ɗaure tampol ɗin da iska ta yaye, ya ce in ina so mu yi haɗaka, ƙarfi nawa, sani nasa. Ina kiransa Baba, ya tambayi ma'anar kalmar, da na gaya masa ya ce in ci gaba.

Maganar takardu ba ta ba ni wahala ba. Lasin tuƙin Nijeriya wata 12 kawai yake aiki a can, kuma na riga na ci jarrabawarsu. Tun Disamba 2021 aka daina yi wa masu lasin ƙaramar mota jarrabawa ta daban kafin su ja tirela. Abin kiyayewa shi ne gudu, mil 50 a awa a kan hanya mai hannu ɗaya, 60 a kan tagwayen hanya. Kamun kifin teku da fatsa ma ba ya buƙatar lasi.

Wahalar tana wajen inda za a sauke jirgin. Ni a tunanina tunda ga teku nan shimfiɗe, ko'ina aka ga dama sai a tura. Ashe gaɓar da ta kai mil da yawa, wuraren da mota za ta iya kai jirgi ruwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Sauran duk duwatsu ne, ko tudun yashi da aka hana mota hawa, ko filin wani.

Mun fara da gida. A tashar jiragen Seahouses akwai gangaren siminti da ke sauka cikin ruwa, sai ka je ofishin sarkin tasha ka biya kafin ka yi amfani da shi. Tashoshi da yawa suna neman takardar inshora, don haka kullum tana cikin mota. Amma tashar wurin neman abinci ce, ga masu kamun ƙaguwa, ga manyan kwale-kwalen da ke kai baƙi tsibiran Farne kallon tsuntsaye. Da rani cunkoso ake yi, kuma gangaren ba wurin koyon ribas ba ne. Ribas da tirela sai ka juya sitiyari hagu in kana son ta yi dama. Sati uku na yi ina koyonsa da asuba a wani filin ajiye motoci, Baba yana tsaye da sandarsa yana nuna min. Shi ya koya min a gama komai a sama kafin a hau gangare: a kwance ɗauri, a toshe ramin zubar da ruwa na bayan jirgi, a loda kaya, don kada a tsare na baya. In an yi doguwar tafiya kuma a bar boris ɗin taya ya huce, domin in ya shiga ruwan sanyi da zafinsa sai ya zuƙi ruwan gishiri, tsatsa ta cinye shi.

Mil biyu zuwa kudu akwai Beadnell, wurin da na fi so. Ƴar ƙaramar tashar ta yamma take kallo, ita kaɗai ce haka a duk gaɓar gabashin Ingila, a bayanta kuma ga tsofaffin matoyan farar ƙasa tun na 1798. A nan daga kan yashi ake shiga ruwa, tarakta ce take jan tirelarka ta kai ta, ka biya. Craster mun je sau ɗaya muka juyo, hanyar ta yi ƙunci, baƙi ma a wajen gari suke barin mota, sai dai muka sayi bandar kifinsu da ta yi suna. Amble tana bakin kogin Coquet, ruwanta a kwance, amma ta fi nisa. In iska daga arewa take, Baba ya kan ce mu tafi Beadnell. In daga gabas take, sai ya ce a dafa shayi, yau ba fita.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tafiyar ruwan kansa. A Zariya mun san Galma tana cika da damina ta janye da rani. Teku kuwa sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a kowace rana, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Gangaren da ka sauka lafiya da safe, da azahar sai ka tarar ruwa ya tafi ya bar taɓo da koren gansakuka mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ranar da na fara ɗauko jirgin ni da kaina, na makara da awa ɗaya, na biyo ruwan ƙasa har tayoyin baya suka hau gansakukar. Na ji mota tana sulalewa da ni alhali ƙafata tana kan birki. Ba abin da ke bakina sai Innalillahi. Allah ya sa ta tsaya. Wasu masunta biyu suka ajiye aikinsu suka zo, suka sa katako a bayan taya, suka ɗaura doguwar igiya daga tirela zuwa motarsu da ke kan busasshen siminti, suka jawo. Ba wanda ya ɗaga min murya. Ɗayansu ya zaro ɗan littafin jadawalin ruwa daga aljihunsa ya ba ni, ya ce in riƙe. Tun ranar, in na bi ta tashar da sunana suke kirana. Da ɗan gari akan ci gari, amma ni ban san ta inda zan kama ɗan garin ba sai a kan wannan gangare.

Da na zauna da jadawalin sai na ga wani abu da ya sa na ji kamar an buɗe min ƙofar gida. Wata ne yake jan ruwan. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan cikarsa, ruwa yana cika sosai ya janye sosai, tazarar ta kai kusan mita 4 a wajenmu. A wajen 8 da 23 ga wata kuwa ba ta wuce kamar mita 2. Lissafin da Malam ya koya mana a makarantar allo don azumi da Sallah, shi ne masuntan nan suke rayuwa a kai, su da littafi, ni da ka. Na gaya wa Baba cewa gobe 15 ga Sha'aban, jibi ruwa zai yi nisa. Ya duba littafinsa, ya dube ni, ya sa na maimaita masa sunan watan sau uku.

Da rani muna kamo sukumbiya, irin wanda ake sayarwa a ƙanƙare a kasuwar Sabon Gari, amma a raye bayansa kore ne da shuɗi, yana walƙiya a hannu. Ba ma nisa, ba ma fita cikin hazo.

Inna ba ta ce komai ba sai a dare na uku. Ta ce, "Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne." Na ce haka ne, Inna. Na gaya mata ba na taka jirgi ba rigar ruwa, akwai rediyon kiran agaji a tasha ta 16, kuma a garin akwai jirgin ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rayuka a teku da aka kafa a 1824, ƴan sa-kai ne suke fita da shi ko tsakar dare ne. Ban ɓoye mata cewa ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko da rani ba. Ta yi min addu'a mai tsawo, ta ce in gaida dattijon nan, in kai masa kilishi da zuma.

Jiya bayan isha'i muna tsakar gida, an ɗauke wuta, wata ya haske ko'ina har ana ganin zanen tabarma. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, yau sha huɗu. Ruwan naku ya cika ke nan?"

Na ce, "Saura kwana biyu, Inna."