Littattafan da muka tara wa yara

Ranar Asabar da ta gabata na bi ƴan uwana mata na ƙungiyarmu ta sa-kai, muka zaga gidaje a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na birnin Maraɗi muna roƙon littattafan da yara suka girma suka bari. Wata Hajiya ta jawo mana tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Ƴaƴana, ku kwashe duka, masu su suna jami'a yanzu." Gara ta taɓa wasu, sai da muka yi kwana biyu muna kakkaɓe ƙura muna liƙe bangayensu da gam.

Yawancinsu na Faransanci ne, na Hausa ba su taka kara sun karya ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron da ke fara karatu ya fi saurin kama labari cikin harshen da yake ji a gida.

Da muka kai rabon farko unguwar Bagalam, wata yarinya ƴar aji uku ta karɓi nata, ta shinshina takardun, sannan ta tambaye ni, "Inna, yaushe zan maido?" Na ce mata ya zama nata. Ta cusa shi cikin hijabinta ta ruga gida, ko sallama ba ta tsaya yi mana ba. In Allah ya yarda za mu sake zagayawa kafin a koma lakwal a watan Oktoba.