Kafin a Sayi Fistin, a Nemo Abin da Ya Kashe Injin

Tsohuwar akori-kura ba ta san hutu ba a ƙasar nan. Ko Hilux ce, ko Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ita ke kwaso buhunan masara da gero daga kasuwannin ƙauye, ita ke kai taki gona. Duk ranar da aka jawo irinta garejinmu da igiya, maganar direba kusan ɗaya ce: "Oga, wallahi ina cikin tafiya lafiya lau sai kawai ta ɗauke. Na murɗa makulli, ko motsi." Ba na ƙaryata shi, abin da ya gani ke nan daga kan sitiyari. Amma shekarun da na yi ina kwance injuna sun nuna mini cewa yawancinsu sun daɗe da ciwon a jiki, tsayawar ce kawai ta zo farat ɗaya. Makaniken da ya sauya kaya bai gano ciwon ba, motar za ta dawo masa a kan igiya.

Maigidan da ya koya mini aiki ba ya yarda a ce inji ya buga sai an sa giya a firi, an ɗora sifana a kan babban notin fulen karanshaf, an juya da hannu. Batir da ya mutu, ko sitata da ta maƙale a haƙoran filawil, ko altaneta da ta cije ta riƙe bel, kowanne yana iya sa mota ta yi kamar ta gama yawo. A cire bel a sake gwadawa. In har ya ƙi juyawa, to sai a fara bincike na gaske.

Matsalar baƙin mai ce ta fi kashe injin tsohuwar mota, kuma nan ne aka fi gardama. Tsakanin karanshaf da metal, wato siraran ƙarafan da yake juyawa a cikinsu, akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma famfon mai ne ke tura mai da ƙarfi ya cika ta, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Ƙarfin turawar na faɗuwa alhali mota na gudu da lodi, metal zai yi zafi ya narke ya manne da karanshaf cikin ɗan lokaci kaɗan. Direba zai rantse cewa da safe ya zaro geji ya ga mai a cike, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Mai yana cikin kaskon da ke ƙasan inji, hawa ne bai yi ba. A bakin bututun da famfo ke zuƙo mai akwai 'yar rariya ta waya. Idan ana jinkirin juye, ko ana zuba man awo wanda ba a san asalinsa ba, sai ya zama baƙin kwaɓaɓɓen datti ya toshe ta. Wani lokaci gam ɗin da aka lafta wa gasket ne ke guntulewa ya faɗa ciki, kuma wannan laifin namu ne masu gyara, shi ya sa nake hana yarana yawan shafa shi. Na sha ganin motar da dutse ya bugi kaskonta a hanyar ƙauye, ya lotsa shi har ya matse bakin rariyar, ba tare da ko ɗigo ya zuba ƙasa ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan yaudara. A motoci masu kafireto, robar da ke cikin famfon fetur takan yage, fetur ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai. Geji sai ya nuna mai ya ƙaru, direba ya ji daɗi wai motarsa ba ta shan mai, alhali man ya tsinke, ya daina riƙe metal. Inji ba ya haifar mai. Duk ranar da aka ga ya haura alama ba a ƙara ba, a shinshina gejin.

Jar fitilar mai kuwa ba gargaɗin "ka ƙara in ka isa gari" ba ce. Ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, don haka ganinta a kan gudu na nufin a kashe mota nan take. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawan motocin da nake tarar da ƙwan fitilar ya mutu, ko an cire wayarta saboda tana damun direba.

Zafi shi ma yana da nasa tabon. Fistin na alminiyom ne, bulok na waɗannan motoci ƙarfen zubi ne, kuma alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Ruwa na ƙarewa, fistin zai kumbura ya cika silinda ya cije. In an zaro shi za a ga gefensa duk kwarzane. Tiyo da ya tsage, fanbel da ya tsinke, murfin lagireto da ya daina riƙe iska, ruwan rijiya da ya bar tsatsa da ƙasa a cikin bututu, duk hanyarsu ɗaya. Abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, idan ruwa ya tsiyaye duka, allurar zafi tana iya ƙin hawa, har ma ta sauka, domin abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma. Irin wannan injin yakan saki bayan ya huce, ya tashi, direba ya ce Alhamdu lillahi ya ci gaba da tafiya da ringin da ya riga ya lalace. Mai gaggawa kuma ya kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi ya tsaga kan silinda.

Masu Hilux mai injin fetur 22R su kasa kunne ga wata ƙarar sarƙa da ke fitowa daga gaban inji lokacin tayarwa da safe. Robar da ke riƙe sarƙar taimin ce takan karye. Sarƙar sai ta riƙa cin murfin da ke gabanta har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai, ka buɗe murfi ka ga abu kamar kunun gyaɗa. Guntayen robar kuma su gangara kasko su toshe rariyar da na ambata. Masu injin gas irin 2L da 3L bel suke amfani da shi a maimakon sarƙa, wanda ake so a sauya a kilomita 100,000, ga shi mitar tsofaffin motocin nan ta daɗe da tsayawa. Bel na tsinkewa, fistin zai haɗu da bawul.

Wanda na yarda yana zuwa ba sallama shi ne ruwan damina. Mota ta faɗa kwazazzabo ko kududdufi, inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska. Injin gas na waɗannan motoci yana matse iska kusan sau 22, ruwa kuwa ba ya matsuwa, kuma wurin da ya rage a saman fistin ɗan kaɗan ne. Fistin ya taso ya tarar da ruwa, sai kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe. Sau da yawa tsayawar farko ba ta yi ɓarna mai yawa ba, turin da jama'a suka taru suka yi wa motar don taimako ne ke ƙarasa ta. Abin yi shi ne a jawo ta waje, a cire fulogi, ko hita in injin gas ne, a juya inji ruwan ya fita, a yi juye kafin a tayar.

Inda muka fi samun saɓani da masu mota shi ne bayan an kwance. Alhaji yana so a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo fistin da ringi da metal, a kai karanshaf a gyara, a ɗaura, domin kowace rana da mota ta kwana a gareji asara ce gare shi, kuma na san haka. Sai in shimfiɗa masa kayan a ƙasa in ce, "Alhaji, dubi nan. Metal ya ƙone ya yi shuɗi, fistin kuwa lafiyarsa lau. Wannan rashin mai ne, kuma har yanzu ba mu ga abin da ya hana shi hawa ba." Ba na ɗaura inji sai an wanke hanyoyin mai na cikin bulok da karanshaf an busa musu iska, an duba famfon mai da rariyarsa, an sa sabuwar filta, an wanke lagireto, an maido da fitilar mai tana aiki. Ɓarɓashin tsohon metal da ya ɓuya a hanyar mai ya isa ya cinye sabon a cikin makon farko. Wasu sukan haƙura su ƙara mini kwana biyu, wasu su janye motarsu su kai inda za a ɗaura musu a yini guda, kuma ban taɓa rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka don in riƙe su ba.